Koya Wa Yaro Mai Otizim Zagayawa

Yau maganarmu a kan wani al'amari ce wanda iyaye da yawa su ke ɓoyewa saboda kunya, watau yaron da ya girma amma har yanzu yana ɓata wandonsa.

Kowace uwa ta san yadda a ke koya wa yaro zagayawa. Tun yana jariri ta kan zauna ta miƙe ƙafafu, ta ɗora shi a kai ya yi tutu. In ya fara tafiya a ba shi fo. Galibi tsakanin shekara 2 da 4 yaro ya daina ɓata jikinsa da rana, don yana ganin yadda yayyensa su ke yi, yana jin faɗan uwa, yana kuma jin kunyar tsaransa. Amma akwai yaron da zai kai shekara 5, ko 6, ko fiye, abin bai zauna masa ba. An yi faɗa, an yi duka, an yi hayaƙi, duk a banza. Ba a karɓarsa a makaranta. Uwarsa ba ta zuwa biki ko suna, kullum tana bakin wanki. A cikin irin waɗannan yara akwai waɗanda likitoci su ke kira masu otizim, su ne kuwa za mu yi magana a kansu.

Mene ne otizim?

Otizim ba ciwo ba ne irin zazzaɓi, wanda za a sha magani kwana 3 ya wuce. Ba a kuma ɗaukarsa daga wani. Yadda ƙwaƙwalwar yaro ta ginu ne tun farko. Waɗansu su kan ce galahanga, amma wannan suna jama'a su kan laƙaba shi ga yara iri iri waɗanda lalurarsu ba ɗaya ba ce, saboda haka za mu tsaya ga sunan asibiti.

Alamunsa su kan bayyana kafin yaro ya cika shekara 3. A kira sunansa ba ya waiwayowa, alhali kuwa in an buɗe ledar alawa daga nesa zai ji. Ba ya son haɗa ido da mutane. Ba ya nuna abu da yatsa, sai dai ya kama hannun uwarsa ya ja ta zuwa wurin. Maganarsa ta kan makara, ko kuwa ya riƙa maimaita abin da aka faɗa masa. Ya kan jera duwatsu ko murafan kwalba, ya kaɗa hannuwa, ya yi ta juyi shi kaɗai. In an sāke masa kwanon cin abinci, ko hanyar da ya saba bi, sai kuka mai tsanani. Wani abin nasa da sauƙi, har ya yi karatu ya yi sana'a. Wani kuwa zai bukaci taimako dukan rayuwarsa.

Wani likita a birnin Baltimore na Amurka, mai suna Leo Kanner, shi ne ya yi bayanin wannan hali a 1943, bayan ya lura da yara 11, maza 8 da mata 3. A 2022 Hukumar Lafiya ta Duniya ta ƙiyasta cewa kamar yaro 1 cikin 100 yana da shi. An fi samunsa ga maza. Ana samunsa a gidan attajiri da gidan talaka, a birni da ƙauye.

Da farko har waɗansu likitoci sun ɗora laifin a kan uwa, wai ba ta nuna wa ɗanta ƙauna ba. Wannan magana ta faɗi. A 1977 masana 2 a Ingila, Susan Folstein da Michael Rutter, suka bincika tagwaye, suka ga gado yana da babban hannu a ciki, binciken da ya biyo baya kuma ya tabbatar da haka. Gado kuwa ta wajen uba ya ke zuwa, ta wajen uwa ya ke zuwa. Allurar rigakafi ma ba ta kawo shi. Likitan da ya ta da wannan zance a Ingila a 1998, an bincika aikinsa an tarar ba gaskiya, a 2010 aka janye rubutun nasa, aka kuma hana shi aikin likita. Kada wannan jita-jita ta hana ku kai yara rigakafi.

Abin da ya sa zagayawa ta ke ba shi wuya

Iyaye su kan ce, "Malam, ai yana sane, taurin kai ne kawai." To, bari mu duba dalilan ɗaya ɗaya.

Na farko, saƙon jikinsa ba ya isa gare shi da wuri. Ni da kai, in mara ta fara cika mun ji tun da sauran lokaci. Shi kuwa sau da yawa ba ya ji sai abin ya zo gab, ko kuwa ya ji amma bai san ma'anarsa ba.

Na biyu, ko ya ji, ba shi da bakin faɗa. Yaron da ba ya iya cewa yana jin ƙishi, yaya zai ce yana jin fitsari?

Na uku, ba ya koyo ta wurin kallon waɗansu kamar sauran yara, kuma dariyar tsaransa ba ta dame shi yadda ta ke damunsu ba. Abin da wani yaro zai tsinta da kansa, shi sai an koya masa daki daki.

Na huɗu, salga kanta abin tsoro ce a gare shi. Irin waɗannan yara, jinsu da ganinsu da shaƙarsu su kan yi ƙarfi fiye da namu. Ku tuna yadda salga ta ke: duhu, wari, ƙudaje, kyankyaso, ƙarar ƙofar kwano, ga baƙin rami a ƙarƙashin ƙafa, ga ruwan buta mai sanyi da hunturu. Abin da babba ya ke jurewa ba tare da tunani ba, ga wannan yaro azaba ne.

Na biyar, yana riƙe al'ada da ƙarfi. In ya shekara 4 yana yi a cikin kunzugu, ko a bayan randa, to, a wurinsa nan ne daidai, sāke wuri kuwa kamar rushe masa ɗaki ne.

A duba cikinsa tukuna

Kafin a fara koyarwa, lalle ne a san halin da cikin yaro ya ke ciki. Taurin bayan gida ya yi yawa ga yara masu otizim, don da yawansu ba su cin abinci sai iri 2 ko 3, shinkafa ko burodi ko taliya, ba su son miyar ganye. In kashi ya yi tauri, fitarsa da zafi. In ya ji zafi sau ɗaya sai ya riƙa matsewa. In ya matse, kashin ya ƙara bushewa, ya taru a hanji. Daga nan sai mai ruwa-ruwa ya riƙa zurarowa ta gefen mai taurin, ya ɓata wando, yaron bai ma sani ba. Uwa ta ga haka ta ce zawo ne, ta sayo maganin tsai da zawo, abin ya ƙara lalacewa.

Saboda haka ku lura. In yaro ba ya yin bayan gida sau 3 a mako, ko yana yi da nishi da kuka, ko kashin ya fito ƙanana da tauri kamar na akuya, ko yana tsayawa a kan yatsun ƙafa yana matse cinyoyi, ku kawo shi ɗakin shan magani. Akwai maganin da ya ke tausasa bayan gida, wani lokaci sai an yi watanni ana ba shi. Kada ku ba shi kanwa, ko maganin wankin ciki na 'yan talla, ko ku yi masa ɗure. A gida kuwa a yawaita masa ruwan sha, a riƙa sa masa kuka, da kuɓewa, da zogale, da alayyafo, da wake, kaɗan kaɗan a cikin abin da ya saba ci. Gwanda da lemo da mangwaro suna taimako ƙwarai.

Yaushe za a fara?

Ba sai ya iya magana ba. Iyaye da yawa sun ɓata shekaru suna jiran baki ya buɗe. Abin da a ke bukata shi ne yaro ya iya tafiya, ya iya zama wuri ɗaya na minti 2 ko 3, kuma wandonsa ya kan zauna a bushe kamar awa 1 ko 2. A zaɓi lokacin da gida ya ke kwance. Kada a fara ana gab da tafiya, ko uwa tana jego, ko yaro yana zazzaɓi.

A mako na farko kada ku koya kome, ku lura kawai. Duk sa'ad da ya yi fitsari ko kashi, ku riƙe lokacin. Wanda bai iya rubutu ba ya ja zane da gawayi a bango: wuri guda na safe, wuri guda na hantsi, na azahar, na la'asar, na almuru. Kafin kwana 7 za ku ga cikinsa yana da lokutansa. Galibi hanji ya kan motsa jim kaɗan bayan cin abinci, musamman bayan karin kumallo.

Yadda za a koyar

Asalin wannan hanya daga masana 2 ne na Amurka, Nathan Azrin da Richard Foxx. A 1971 suka nuna cewa har manyan mutane masu raunin fahimta, waɗanda suka yi shekaru suna ɓata jikinsu, suna iya koyo in ana kai su a kan lokaci, ana kuma saka musu nan take. Waɗanda suka biyo bayansu sun gyara hanyar, sun rage tsananinta. Ga yadda za ku yi a gida.

1. Ku gyara wurin. A fara da fo, a ajiye shi wuri ɗaya kullum, inda akwai haske, ba hayaniya. In salga za a yi amfani da ita, a share ta, a zuba toka saboda wari, a yi wa ramin murfi, a shiga da fitila. Kada faɗin bakin ramin ya wuce taƙi guda, kada kuma a bar yaro shi kaɗai a ciki. Da sanyi a ɗumama ruwan buta. In masai na zama ne irin na zamani, a sa masa abin taka ƙafa, kada kuma a saki ruwa yana zaune.

2. Ku sauƙaƙa tufafi. Wando mai roba, ba mai zariya ko maɓalli ba. Da rana a cire kunzugun zamani, don yana shanye fitsari, yaro ba ya jin ya jiƙe.

3. Ku zaɓi kalma ɗaya. In "fo" za a ce, kowa a gidan ya ce "fo". Kada uwa ta ce tutu, kaka ta ce kashi, uba ya ce bayan gida. Kada kuma a tambaye shi, "Kana jin fitsari?" A ce masa, "Zo, fo," a kama hannunsa. Yaron da ba ya magana, a nuna masa buta duk sa'ad da za a kai shi. Wata rana shi da kansa zai ɗauko butar ya kawo miki, maganarsa ke nan. Mai wayar hannu ya ɗauki hoton fo ɗin ya riƙa nuna masa.

4. Ku kai shi a kan lokaci, kada ku jira ya nema. Da ya tashi barci, da bayan kowane abinci, da kafin ya kwanta, da lokutan nan da kuka zana a bango. A kwanakin farko a kai shi kowace rabin awa ko awa guda, in ya fara kamawa a riƙa ƙara tazara. Ya zauna minti 3 zuwa 5, kada a wuce. In bai yi ba a tashe shi ba faɗa.

5. Ku bi tsari ɗaya kullum: a je wurin, a sauke wando, a zauna, a yi, a yi tsarki, a ja wando, a wanke hannu da sabulu. Da farko ki ɗora hannunki a kan nasa ku yi tare. Sa'an nan ki riƙa janye hannunki sannu sannu, har ya zama taɓa kafaɗa kawai ya isa.

6. Ku saka masa nan take. Ku nemi abin da ya fi so a duniya, ko ɗan dabino ne, ko guntun ƙosai, ko wani murfin kwalba da ya ke ƙauna. A ɓoye shi, kada ya samu sai ya yi a fo. Da ya yi, kafin ya tashi, a miƙa masa, a ce, "Madalla, fo." In an bari sai an koma ɗaki, ba zai san dalilin kyautar ba. Wannan ba lalata yaro ba ne, bayani ne da harshen da ya ke ji. In abin ya zauna sai a riƙa rage kyautar.

Wani yaro ko kusa da fo ba zai yarda ya je ba. To, a raba masa tafiyar. Yau ya tsaya kusa da shi, a saka masa. Bayan kwana 2 ya taɓa shi. Sa'an nan ya zauna da wandonsa, sa'an nan ba wando. Wanda ba ya yin kashi sai a cikin kunzugu, a bar masa kunzugun, amma a kai shi wurin fo ya yi a can. Daga baya ya zauna a kan fo da kunzugun, daga baya a huda kunzugun, har a cire shi. Sannu ba ta hana zuwa.

In ya ɓata wando fa?

Zai ɓata, ba sau ɗaya ba. A kai shi wurin fo, a faɗi kalmar nan, a wanke shi, a sāke masa wando, ba tsawa, ba dogon zance. Duka ba ya koya masa inda zai yi. Abin da ya ke koya masa shi ne yin kashi a gaban babba hatsari ne. Sai ya riƙa ɓuya yana yi a lungu, ko ya matse har cikinsa ya bushe, mu koma inda muka fito. Ɗaure yaro a turke, ko kulle shi a ɗaki, ko hana shi ruwa don kada ya yi fitsari, duk cutarwa ce. Wanda ya ke yi wa ɗansa addu'a ya ci gaba, amma turare mai shaƙe numfashi da bulala da sunan fid da iska ba su da wurin zama a jikin yaro.

Akwai yaron da ya ke shafa kashinsa a bango. Abin da ciwo, amma ba mugunta ba ce. Sau da yawa taurin ciki ne, ko ƙaiƙayin tsutsa, ko kuwa yana son taɓa abu mai laushi. A duba cikinsa, a ba shi maganin tsutsa daga asibiti, a yanke masa farce, a ba shi yumɓu mai tsabta ko ƙullu ya yi wasa da shi a gaban babba.

Ku sani kuma, abin da ya koya a gidanku ba lalle ya kai shi gidan kakarsa ba. In za a je wani wuri a tafi da fo ɗinsa da butarsa, a faɗi kalmarsa. In ya yi ciwo, ko an yi haihuwa, ko an ƙaura, ya kan koma baya. A koma kai shi a kan lokaci kamar farko, abin zai dawo.

Fitsarin kwance dabam ya ke. Ba ya hannun yaro, sai jiki ya nuna. Likitoci ba su ɗaukarsa matsala kafin shekara 5, ko ga wane yaro. A gama da na rana tukuna. A shimfiɗa leda a ƙarƙashin zane, a kai shi fo kafin ya kwanta.

Maganar tsabta

Kashin yaro yana ɗauke da ƙwayoyin cuta kamar na babba. Ta wurinsa zawo da tsutsar ciki da taifot su ke yaɗuwa a gida. A juye fo a cikin salga nan da nan, ba a juji ko kwata ba. A wanke shi nesa da rijiya da madafa. Wadda ta wanke yaro ta wanke hannunta da sabulu kafin ta taɓa abinci. In ba sabulu, toka ta fi babu.

Magana ga maigida

Hannu ɗaya ba ya ɗaukar jinka. Uwar da ta ke kai yaro fo sau 10 a yini, ga daka, ga girki, ga goyo, in ba a taimake ta ba za ta gaji ta bari. Maigida, kai ne za ka gyara bakin salga, ka sayi sabulu da wanduna, ka kai ɗanka da asuba in namiji ne. Kai ne kuma za ka tsai da masu gori, ko abokiyar zamanta ce, ko 'yan'uwanka. Ka gaya musu lalura ce, ba sakacinta ba ne.

Amma kada masu yi wa yaro tsarki su wuce mutum 2 ko 3 amintattu. Yaron da ba ya magana, mace ko namiji, ba zai iya faɗa ba in wani ya taɓa shi ta hanyar da ba ta dace ba. Wannan ma dalili ne babba na koya masa ya yi tsarki da kansa.

Yaushe za a zo asibiti?

Ku kawo shi ba jinkiri in kun ga jini a fitsari, don yana iya zama tsargiya, musamman in yana wasa a kududdufi ko fadama. Haka kuma in yana kuka wajen fitsari, ko da zazzaɓi. In yana yawan shan ruwa da yawan fitsari yana ramewa, a auna sukari. In akwai jini a kashi, ko ciki ya kumbura da amai, a zo ran nan. In yana faɗuwa yana shure-shure, ko ya ƙame ido na ɗan lokaci, a faɗa, don farfaɗiya ta fi yawa ga yara masu otizim, tana kuwa da magani. Yaro mai amosanin jini ya kan daɗe yana fitsarin kwance, wannan daga ƙodarsa ne. Duk yaron da maganarsa ta makara kuma, a auna kunnensa.

A ɗakin shan magani na ƙauye ba mu yanke cewa yaro yana da otizim, sai mu ba ku takarda zuwa babban asibiti. Akwai likitocin yara da na ƙwaƙwalwa a Asibitin Koyarwa na Aminu Kano, da na Jami'ar Ahmadu Bello a Shika kusa da Zariya, akwai kuma asibitocin ƙwaƙwalwa na tarayya a Kaduna da Kware da Maiduguri. Amma kada ku jira takarda kafin ku fara. Hanyar nan ba ta cutar da kowane yaro.

Wani yaro zai kama cikin makonni, wani sai ya yi watanni, wani fiye da shekara. Akwai kuma wanda har ya girma sai an tuna masa lokaci, amma ko wannan ya fi wanki kullum. Yaro ɗan shekara 8 ko 10 bai wuce koyo ba. Ranar da ya iya, ƙofar makaranta ta buɗe masa, uwarsa kuma ta sami fita cikin 'yan'uwanta mata. In za ku zo wurinmu, ku riƙe lissafin lokutan nan na bango, da abin da ya ke ci, da sau nawa ya ke bayan gida a mako, don da su za mu san inda za mu taimake ku.

Allah ya ba mu lafiya, ya raya mana zuriya. Sai wani mako.